Sun faɗa tun da wuri, ba a dai saurare su ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, shekarata talatin da biyu a bakin aiki kafin na ajiye, kuma tun da yara suka watse gidajensu tasharku ce abokiyar hirata. Ban saba rubuta wa gidan rediyo wasiƙa ba. Shirin da kuka yi ranar Lahadin da ta wuce, kan fitattun mutanen da ake zargi da lalata da cin zarafin mata, shi ya hana ni barci, har na sa jikata ta zauna ina faɗa tana bugawa.

Mai gabatar da shirin ta yi ƙoƙari, Allah ya yi mata albarka. Masu bugo waya ne suka ɓata min rai. Kusan duk wanda ya shigo layi tambayarsa ɗaya: me ya sa sai yanzu? Ina take shekara ashirin ba ta yi magana ba, sai da mutum ya yi suna ya tara dukiya? Wani ya ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani ya ce wadda ta shiga harkar fim ai ta sayi rariya, ta san za ta zubar da ruwa. Aka yi dariya, aka tafi talla. Babu wanda ya ba su amsa, alhali amsar tana nan rubuce a rahotannin 'yan sanda da na kotuna da na kwamitocin bincike. A manyan shari'o'in da kuka ambata, matan sun faɗa tun da wuri. Waɗanda aka faɗa wa ne suka sa ƙafa suka take maganar.

Bari in fara da wanda ya fi taɓa ni, domin a asibiti ya yi yawancin ta'asarsa. Jimmy Savile mai gabatar da shirye-shirye ne a BBC, shekara da shekaru yana shirin waƙoƙi da na yara, ya tara wa ƙungiyoyin agaji kuɗin da aka ƙiyasta sun kai fam miliyan 40. A 1990 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir, Fafaroma ma ya karrama shi a shekarar. Asibitin Stoke Mandeville ya tara masa fam miliyan 10 aka gina sashen masu ciwon laka, sai aka ba shi ɗaki da ofis a ciki, yana shiga ɗakunan marasa lafiya dare da rana ba mai tambayarsa. A asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor makullai aka damƙa masa a hannu. Mutumin da bai taɓa karatun jinya ko likitanci ba.

Binciken da aka fitar a 2015 ya gano mutum 63 ya ci zarafinsu a Stoke Mandeville kaɗai, akwai mai shekara 8 a ciki. Rahoton kuma ya ce sau goma ana kai ƙararsa ga ma'aikatan asibitin, ɗaya daga ciki ƙorafi ne a hukumance tun 1977. Ka ji fa, Malam, 1977. Na san irin amsar da nas take ba yarinyar da ke kwance a gado idan ta ambaci sunan wanda ya gina ginin da take kwance a ciki, ba sai an gaya min ba. A 2009 'yan sandan Surrey suka zo yi masa tambayoyi kan ƙorafin wasu mata da ya taɓa tun suna 'yan makaranta. A ina aka yi zaman? A ofishinsa na cikin asibitin. Ya gaya musu cewa asibitin nasa ne, ya kuma tuna musu cewa shi mutum ne mai kai masu ɓata masa suna kotu. Ba a gurfanar da shi ba. Ya mutu a Oktoban 2011 yana da shekara 84, aka ajiye akwatin gawarsa mai ruwan zinare a wani otal a Leeds, jama'a suka yi layi suna bankwana.

Nan ne ya shafi sana'arku. Bayan mutuwarsa 'yan jaridar shirin Newsnight na BBC sun tattara shaidar matan, sai aka jingine binciken a Disamban 2011, aka watsa shirye-shiryen yabonsa lokacin Kirsimeti. Sai da wata tashar, ITV, ta fasa ƙwan a Oktoban 2012. Rahoton 'yan sanda na Janairun 2013 ya ce mutum 450 suka fito, aka rubuta laifi 214. Iyalinsa suka sa aka cire dutsen kabarinsa da dare aka farfasa. Ihu bayan hari.

A Amurka akwai Larry Nassar, likitan tawagar 'yan wasan alkafura ta ƙasar kuma ma'aikacin Jami'ar Jihar Michigan. Tun 1997 wata yarinya ta gaya wa kociyarta abin da yake yi mata da sunan magani, aka ce ba ta fahimta ba ne. A 2004 wata ta kai ƙara ga 'yan sanda, ya nuna musu hotunan bayanin aikin likita a kwamfuta, suka rufe fayil. A 2014 jami'ar ta yi bincike ta wanke shi, ta ce mai ƙorafin ba ta san bambancin duba marar lafiya da cin zarafi ba. A 2015 magana ta isa hukumar FBI, ta kwanta fiye da shekara, shi kuma yana ci gaba da ganin yara. Wani lokaci ma uwar yarinya tana zaune a ɗakin, ya juya mata baya ya kare da jikinsa. Farar riga tana da kwarjinin da ke sa uwa ta ƙaryata idonta, wannan na gan shi a aikina. Da aka zo yanke masa hukunci a Janairun 2018, mata 156 suka tsaya gaban alƙaliya ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaure shi shekara 40 zuwa 175, jami'ar ta biya diyyar dala miliyan 500. Wanda ya tambayi waɗannan yara me ya sa sai yanzu, sai a mayar masa da tambayarsa zuwa 1997.

Shi kuwa Harvey Weinstein, furodusan fina-finan Amurka da kuka fi daɗewa a kansa, shari'arsa ta nuna yadda ake sayen shiru da kuɗi da lauyoyi. A 1998 mataimakiyarsa a Landan, Zelda Perkins, ta tunkare shi bayan abokiyar aikinta ta ce ya yi yunƙurin yi mata fyaɗe. Lauyoyi suka ce musu kotu ba za ta yi musu rana ba, aka raba musu fam dubu 250, aka sa su hannu a yarjejeniyar rufe baki wadda ko likita ba za su gaya wa ba sai shi ma ya sa hannu. Kwafin takardar ma an hana ta riƙewa. A 2015 wata 'yar Italiya ta tafi wurin 'yan sandan New York a ranar da abin ya faru, washegari suka maƙala mata na'urar naɗar murya ta koma wurinsa, muryarsa ta fito yana lallashinta kan abin da ya yi. Mai gabatar da ƙara ya ƙi shigar da shari'a, jaridun gulma suka koma tonon tarihin yarinyar. Darakta Peter Jackson ya faɗa da bakinsa a 2017 cewa kamfanin Weinstein ne ya gaya masa jarumai Ashley Judd da Mira Sorvino ba su da daɗin aiki, shi ya sa ya cire su daga lissafi. Su biyun suna cikin waɗanda suka ce sun ƙi ba shi kai. Da ya ji 'yan jarida na bin sawu, sai ya ɗauko wani kamfanin leƙen asiri na tsofaffin jami'an Isra'ila, Black Cube, suna bibiyar matan da 'yan jaridar. An ɗaure shi shekara 23 a New York a 2020, babbar kotun jihar ta soke hukuncin a 2024 saboda kuskuren da aka yi wajen karɓar shaidu, aka sake shari'a a 2025 aka same shi da laifi a tuhuma ɗaya. Akwai kuma ɗaurin shekara 16 da aka yi masa a Los Angeles.

Mohamed Al Fayed, attajirin da ya taɓa mallakar katafaren kantin Harrods na Landan, ma haka: wata mujalla ta buga zarge-zargen tun 1995 ya maka ta a kotu, 'yan sandan Landan sun amsa cewa mata 21 sun kai ƙararsa yana raye, ya mutu a 2023 yana da shekara 94 bai taɓa tsayawa gaban alƙali kan wannan ba.

Kada ka ɗauka ina cewa duk wanda aka nuna da yatsa mai laifi ne. Ina da 'ya'ya maza, kuma na san nauyin ƙazafi a addininmu, bulala tamanin ba wasa ba ce. A Ingilar nan dai, a 2014 BBC ta tura jirgi mai saukar ungulu yana ɗaukar hoton 'yan sanda suna binciken gidan mawaƙi Cliff Richard, ba a taɓa tuhumarsa da komai ba, kotu ta sa aka biya shi diyyar fam dubu 210. Wani mai suna Carl Beech ya ƙaga wa manyan mutane ƙarya, ya ƙare da ɗaurin shekara 18 a 2019. Kotu ta wanke ɗan ƙwallo Benjamin Mendy a 2023. Sharri yana nan, yana kuma kashe mutum da ransa. Amma maganin sharri da maganin ɓoye laifi ai guda ne, wato a yi bincike da wuri, kuma kada wanda ke cin abinci a hannun wanda ake zargi ya zama shi ne mai binciken. Ko a ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, rigar aka duba aka ga ta baya ta yage. Gaskiya ta fito fili, amma duk da haka bawan aka kai kurkuku, domin gidan da abin ya faru gidan mulki ne. Mai ƙarfi ke zaɓar wanda za a gaskata, ko shi ne mai ƙara ko shi ake ƙara.

Wani mai bugo waya ya ce wannan duk lalacewar Turawa ce. Laifi tudu ne. A Fabrairun 2019, da 'yan matanmu na Arewa suka fara ba da labarinsu a Twitter ƙarƙashin maudu'in ArewaMeToo, abin da ya fara biyo baya shi ne jami'an SARS suka je ofishin Maryam Awaisu a Kaduna suka kama ta, ita da ke taimaka wa masu ƙorafin. A Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ɗaurin shekara biyu da aka yi wa Farfesa Richard Akindele a Disamban 2018 ya samu ne saboda ɗalibar ta naɗi muryarsa a waya. 'Yar jarida Kiki Mordi da abokan aikinta na BBC ma sai da suka shiga jami'o'in Legas da Ghana da ɓoyayyar kyamara a 2019 kafin a dakatar da malaman. Wato a ƙasar nan yarinya sai ta zama ɗan sandan ciki kafin a ji ta. Wadda ba ta da wayar kirki fa? 'Yar aikin gida, 'yar talla, mai neman a sa ta a fim ko a ɗauke ta aiki, wadda idan ta buɗe baki aurenta da na ƙannenta ne zai lalace?

Abin da ya hana ni barcin kuwa ga shi, kuma ko 'ya'yana ban taɓa gaya wa ba. Wata shekara ina aikin dare, wata ɗalibar koyon jinya ta same ni a ɗakin ajiyar magunguna tana rawar jiki, ta gaya min abin da wani babban likita ya yi mata a ofishinsa. Mutum ne mai farin jini, ya yi wa talakawa tiyata kyauta ba adadi, sunansa kawai ake kira a samo wa asibiti kayan aiki. Na rungume ta, na share mata hawaye, sannan na ce mata, 'yata, ki rufa wa kanki asiri, jarrabawarki a hannunsa take, ki bar shi da Allah. Na canza mata duti don kada su riƙa haɗuwa, na ɗauka na yi abin kirki. Ba ta gama karatun ba. Bayan 'yan shekaru na ji irin labarin daga bakin wata, sannan wata. Da a ce yau ɗayansu za ta fito, masu bugo muku waya za su ce ina take tuntuni. Tana ɗakin magunguna, ta gaya wa Sista, Sista ta ce ta yi shiru.

Saboda haka roƙona gare ku, Malam Edita, ku sake shirin nan. Wannan karon idan wani ya ce me ya sa sai yanzu, mai gabatarwa ta tambaye shi ko ya san wa aka fara gaya wa, da abin da wancan ya yi da maganar. Ku gayyato lauya ya bayyana wa mutane dokar hana cin zarafi ta 2015 da matsayinta a jiharmu, da malami ya bambance mana ƙazafi da kai ƙara wurin hukuma, domin an daɗe ana tsorata yara da na farko don a hana su na biyu. Ku ɓoye sunan mai ƙorafi, ku ba wanda ake zargi dama ya kare kansa, kada kuma ku jira sai ya mutu ko ya sauka daga kujera. Idan kuna neman wadda za ta yi bayanin yadda ake danne irin wannan magana a cikin asibiti, lambata tana bayan takardar nan. Zan zo, amma ku sauya min murya, don yarinyar tana raye kuma tana da iyali.

Wassalam.

Taku mai saurare,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya, daga Kaduna