Kafin a goge Windows, a tambayi abin da aka taɓa a BIOS

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi magana a kan wata matsala da ta fara yawaita a teburin aikina. Sana'ata gyaran kwamfuta ce, kuma a 'yan shekarun nan matasanmu masu tace bidiyo da masu haɗa sauti da masu wasannin kwamfuta sun koyi wata dabara da suke kira obakulokin, wato mutum ya shiga BIOS, shafin saitin injin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, da hannunsa ya tilasta wa furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, gudun da ya zarce wanda kamfani ya yanka mata. Ban rubuto don in hana kowa gwadawa ba, domin ni ma ta hanyar gwaji na koyi rabin abin da na sani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne matakin da ake ɗauka bayan injin ya fara faɗuwa.

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafi ya kai intaha, wani matashi mai tace bidiyon bukukuwa ya kawo mini kwamfutarsa ta tebur. Tana ɗauke da Core i5-2500K, tsohuwar furosesar da Intel ya fitar a 2011, wadda har yau ake samunta a cikin kayan hannu da ake shigo mana da su. Gudunta na asali gigahaz 3.3 ne, shi kuwa ya ɗaga ta zuwa 4.5 bayan ya kalli wani bidiyo a YouTube, ya kwafi lambobin da ya gani ɗaya bayan ɗaya. Da ta fara nuna masa shuɗin allon da Windows ke nunawa idan ta faɗi a tsakiyar aiki, sai ya yi zaton cuta ce ta shige ta, ya yi mata fomatin, wato ya goge faifan ya sa sabuwar Windows, har sau biyu, kuma a karo na biyu ya rasa hotunan wani biki da bai ajiye kwafinsu a ko'ina ba. Sai da na tambaye shi kai tsaye sannan ya tuna cewa ya taɓa BIOS. Saitin BIOS a jikin madabod, babban allon da duk sassan injin ke haɗuwa a kansa, yake zaune, ba a kan faifan da Windows ke ciki ba, saboda haka ko sau goma aka goge faifan, lambobin da suka jawo matsalar suna nan daram.

Gudun furosesa lissafi ne na ninki: akwai tushen agogo, wanda a yawancin injuna megahaz 100 ne, akwai kuma lambar da ake ninka shi da ita. Wannan matashi ya mayar da 33 ta koma 45. A wajen Intel, furosesoshin da sunansu ke ɗauke da harafin K ko X su ne aka buɗe wa wannan ƙofa, a wajen AMD kuwa kusan duk dangin Ryzen na tebur a buɗe suke. Sai dai gudu ba ya ƙaruwa a kyauta, domin duk lokacin da aka ƙara shi, furosesa tana buƙatar ƙarin ƙarfin wuta kafin lissafinta ya tsaya daidai, kuma zafin da take fitarwa yana hawa da sauri fiye da yadda wutar ke hawa. Idan aka ɗaga wuta daga bolt 1.2 zuwa 1.35, wannan kaɗai yana ƙara zafi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, kafin ma a lissafa abin da ƙarin gudun ya kawo. Furosesar da nake magana a kanta an ƙiyasta zafinta a kan wat 95, kuma 'yar ƙaramar fankar da ta zo da ita iyakar nauyin da aka yi ta domin ɗauka ke nan.

A nan ne kwafar lambobin wasu ke cutar da mu. Wanda ya yi wancan bidiyo mai yiwuwa yana zaune ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 22 ba, mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, ma'auni kan haura digiri 40 a watannin bazara, kuma shagon da aka rufa da kwano ba ya samun sauƙi sai dare ya yi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa, don haka kusan duk digirin da ɗaki ya ƙaru da shi, furosesa ma za ta ƙaru da shi. Saitin da ya tsaya a digiri 75 a can zai iya haura 90 a nan, alhali iyakar da akasarin furosesoshi ke jurewa tana tsakanin 95 da 100. A ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, da man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen wanda ya bushe tun kafin injin ya iso ƙasar nan. Bayan haka ma, furosesoshi biyu masu suna ɗaya da suka fito daga masana'anta ɗaya ba su da juriya iri ɗaya. Wata za ta kai 4.5 da wuta kaɗan, 'yar uwarta kuwa ba za ta kai ba ko an cika ta da wuta.

Matakin farko idan injin ya fara faɗuwa shi ne a mayar da komai yadda ya zo daga kamfani. Idan yana tashi, a shiga BIOS a zaɓi saitin asali a ajiye. Idan kuwa fankoki na juyawa amma allo ya ƙi kawo komai, kada a firgita a ce ya ƙone. A cire wayar wuta daga bango, a buɗe akwatin, a zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda aka rubuta CR2032 a jikinsa, a jira 'yan mintoci sannan a mayar. Madabod da yawa suna da 'yan ƙusoshi biyu ko wani maɓalli na share CMOS, wato ma'ajin saitin BIOS, da ke yin wannan aiki. Ina jan hankalin abokan sana'a a kan abu biyu da kan biyo baya: a tsofaffin injuna saitin faifai na iya sauyawa daga tsarin da ake kira AHCI zuwa wani daban, Windows ta ƙi tashi har sai an mayar da shi, kuma injin da aka kulle faifansa da BitLocker, makullin faifai na Windows, na iya neman lambar ceto. Duk biyun na sa mutum ya ɗauka wata sabuwar ɓarna ce ta auku.

Bayan haka sai a saurari irin faɗuwar, domin kowace tana da abin da take nunawa. Shuɗin allon da ya rubuta WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ko CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, a injin da aka ƙara wa gudu, galibi yana nufin wutar da furosesa ke samu ta gaza ɗaukar gudun da aka ɗora mata. Wanda ya rubuta MEMORY_MANAGEMENT ya fi karkata ga ram, ma'ajin wucin gadi da injin ke riƙe aikin da yake yi a ciki. Injin da ya mutu ɗif ba tare da ya rubuta komai ba, kamar an ɗauke wuta, sai a fara zargin zafi, ko akwatin raba wuta da muke kira fawa fak, ko kuma sashen madabod da ke tace wa furosesa wuta, wanda shi ma yana yin zafi yana kuma kare kansa. Mutane kan buɗe Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru a injin, su ga Kernel-Power mai lamba 41 su ɗauka sun kama ɓarawo, alhali wannan rubutu iyakar abin da yake faɗa shi ne injin bai mutu ta hanyar da ta dace ba. Wanda ya fi shi amfani shi ne WHEA-Logger mai lamba 19, domin yana nuna kurakuran da furosesa ta yi ta kuma gyara da kanta, kuma yawaitarsa alama ce cewa saitin yana bakin rami tun kafin a ga shuɗin allo.

Lokacin da faɗuwar ke aukuwa shi ma shaida ne. Idan sai an ɗora aiki mai nauyi take zuwa, kamar fitar da bidiyo, sau da yawa wutar ce ke ɗan nutsewa a daidai lokacin da furosesa ta ja da ƙarfi, kuma akwai saiti a BIOS mai suna Load-Line Calibration da ke rage wannan nutsewa, amma a matsakaicin mataki ya kamata a bar shi, domin ƙure shi na sa wuta ta yi tsalle ta wuce abin da aka rubuta. Idan kuwa injin yana jure aiki mai nauyi amma yana sandarewa lokacin da ake karanta wasiƙa kawai, to wutar da yake saukowa gare ta a lokacin hutu ce ta yi ƙasa da yawa.

Kuskuren da na fi gani shi ne sauya abubuwa uku ko huɗu a zama ɗaya. Mutum zai ɗaga lambar ninki, ya ƙara wuta, ya kunna saitin gudun ram da ake kira XMP, ya kuma ɗan taɓa tushen agogo, sannan idan injin ya faɗi ba shi da hanyar sanin wanne ne ya kayar da shi. Da yawa ba su san cewa XMP, ko EXPO a sababbin injunan AMD, shi ma ƙarin gudu ne ba, sai dai na ram. Tushen agogo kuwa, a furosesoshin zamanin 2500K yana haɗe da hanyoyin faifai da na katin hoto, don haka ƙara masa ko da kaɗan ne na iya lalata bayanan da ake rubutawa. Hanyar da nake bi ita ce in bar ram da tushen agogo a saitin asali, in ɗaga lambar ninki mataki ɗaya, in gwada, in rubuta gudu da wuta da zafi a takarda, sannan in ci gaba. Idan ya faɗi, in ƙara wuta da bolt 0.01 ko in koma baya da mataki ɗaya, kuma da zarar zafi ya doshi digiri 85 a lokacin gwaji, na tsaya ke nan.

Tashin Windows lafiya ba shaidar komai ba ce, domin ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Akwai manhajojin kyauta na wannan aiki: Prime95 ko OCCT don matsa wa furosesa na sa'o'i, HWiNFO don kallon zafi da wuta yayin da ake matsawar, da MemTest86 wanda ake tayarwa daga filashi don gwada ram shi kaɗai. Amfanin Prime95 shi ne lissafin da take yi tana da hanyar tantance shi, saboda haka idan furosesa ta ba da amsar da ba daidai ba, sai ta tsaya ta faɗa. Wannan shi ne haɗarin da ba a gani da ido: injin da bai faɗi ba amma yana kuskuren lissafi yana iya rubuta gurɓatattun fayiloli a hankali, sai bayan makonni a tarar bidiyo ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa bayan an mayar da saitin asali ya kamata a gudanar da umarnin sfc /scannow don Windows ta duba fayilolinta. Ina kuma ba da shawarar a yi gwajin da tsakar rana a ɗakin da injin zai zauna, kuma a kan wutar da zai riƙa aiki da ita, domin ƙaramin janareta mai hawa da sauka da fawa fak marar inganci suna iya kayar da saitin da ya tsaya lafiya a shagon mai gyara.

Akwai ɓarnar da komawa saitin asali ba ya gyarawa. Wuta mai yawa tare da zafi suna cinye siraran hanyoyin da ke cikin furosesa sannu a hankali, har ta wayi gari tana buƙatar ƙarin wuta kafin ta riƙe gudun da take yi da sauƙi a da. Manyan kamfanonin ma sun ɗanɗana wannan. A 2023 wasu furosesoshin Ryzen 7000X3D sun ƙone saboda yawan wuta a wani sashe nasu, har AMD ya sa aka taƙaita ta a bolt 1.3 ta hanyar sabunta BIOS. A 2024 Intel ya amince cewa yawan wuta ne ke sa wasu furosesoshinsa na tebur na ƙarni na 13 da na 14 faɗuwa, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara musu garantin shekara biyu, amma gyaran kariya ce ga waɗanda ba su lalace ba, bai dawo da waɗanda suka riga suka lalace ba. Idan hakan ta faru ga injiniyoyin da suka ƙera abin, bai kamata matashi ya rubuta lambar wuta a BIOS don kawai ya ga wani ya rubuta ba, musamman da yake kamfanonin biyu sun bayyana cewa garantinsu bai shafi ɓarnar da ƙarin gudu ya jawo ba, kayan hannun da muke saye kuwa dama ba su da wani garanti.

A ra'ayina, mai sabuwar furosesa ba shi da wata riba mai yawa a wannan aiki, domin na yanzu suna ɗaga gudunsu da kansu gwargwadon sanyin da suka samu, kuma kuɗin fanka mai kyau ya fi kawo masa amfani. Masu tsofaffin injuna su ne ke iya ganin bambanci na gaske, kuma saboda su na rubuto.

Kwamfutar wancan matashi, bayan na share CMOS, na busa ƙurarta, na sa sabon man sanyaya da babbar fanka, ta tsaya a gigahaz 4.2, ta kuma jure gwajin sa'o'i shida da rana tsaka ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Na gwada 4.3, zafi ya wuce inda nake so, sai na dawo da ita. Na rubuta masa lambobin a takarda na manna a cikin murfin akwatin, domin duk mai gyaran da ya buɗe ta nan gaba ya san abin da aka taɓa. Hotunan bikin da fomatin ya tafi da su kuwa, kaɗan daga ciki kawai na iya ceto masa, domin sabuwar Windows ta riga ta hau kan sauran.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta, daga Zariya