Labarin miji ko matar da ta ɓace a ƙasar waje

Edita, assalamu alaikum.

Ku ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan littattafan nan masu hana barci, inda miji ko mata ke yin ɓatan dabo a wata ƙasa. Shakku ne ke riƙe mai karatu, fiye da harbe-harbe. Misali, mata ta zazzage jakar mijinta, sai ga fasfo biyu, hoto ɗaya, suna daban-daban. Sace shi aka yi ko guduwa ya yi? Daga nan kowane shafi tuhumar auren yake yi.

Abin da ke damuna, marubuta da yawa a wajen bincike suke kwafsawa. Interpol, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa mai hedikwata a Liyon ta Faransa, ba ta kama kowa. Sanarwa mai launin rawaya take fitarwa kan wanda ya ɓace, ita ma sai 'yan sandan wata ƙasa sun nema. Tsakanin ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, galibi ba a duba fasfo, don haka sawun mutum yana jikin katin banki, rajistar otal da layin waya. Kuma baligin da aka samu lafiya, a ƙasashe da dama, yana iya hana a gaya wa iyalinsa inda yake.

Wassalam,
Mai karatunku