A daina ce mana mu koma da su gida sai sun warke

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi magana da shugabannin makarantu da malamai, a matsayina na mahaifin yarinya mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga.

Akwai maganar da iyaye irina suka saba ji a ofishin hedimasta: "Ku tafi da ita gida, in ta samu sauƙi sai ku dawo." Cikin tausayi ake faɗa, amma kora ce. Otizim ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani ya sauka. Haka ƙwaƙwalwar mutum take, da abinsa yake girma har ya tsufa. Yaron da aka ce ya jira a gida zai yi ta jira har shekarun karatu su wuce shi.

Likitoci sun daɗe da sanin lalurar. A 1943 Dakta Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana halayen yara 11 da ya duba: ba sa shiga cikin mutane, suna maimaita kalmomi, kuma hankalinsu na tashi idan aka sauya musu abin da suka saba. Daga nan aka shafe shekaru ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai ba su nuna wa 'ya'yansu ƙauna ba. Binciken da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi a kan tagwaye a Ingila, wanda ya fito a 1977, ya nuna cewa gado ne ke da babban tasiri, kuma wani bincike na 2019 a kan mutane sama da miliyan biyu a ƙasashe biyar ya ƙiyasta rabon gadon da kusan kashi 80 cikin 100. Duk da haka, har gobe ana kallon idon mai ɗakina a ce mata sangarta ce, ita ta ɓata yarinyar. Wannan magana tana ci mata rai fiye da duk wata ɗawainiya.

Haka batun rigakafi. Rahoton Andrew Wakefield na 1998, wanda ya danganta allurar ƙyanda ta MMR da otizim, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan. A Denmark an bi diddigin yara sama da 650,000, ba a ga wata alaƙa ba. Ni dai duk 'ya'yana an yi musu rigakafi.

Ga abin da na gani da idona. 'Yata ba ta jure ƙarar ƙararrawa. Da zarar an kaɗa sai ta toshe kunne, ta shige ƙarƙashin tebur tana ihu, kuma a makarantar farko abin da aka rubuta a kanta ke nan: taurin kai. A makaranta ta biyu muka dace da wata malama, Allah ya saka mata da alheri. Ta mayar da kujerar yarinyar nesa da taga, kuma kafin a kaɗa ƙararrawa takan zo ta taɓa teburinta ta nuna mata hoton ƙararrawa. Ta manna mata jerin hotuna a gefen tebur: karatu, rubutu, tara, tashi. In an gama abu, yarinyar ta cire hotonsa da kanta. Ranar da ta ɗauki katin da ke da hoton kofi ta miƙa wa malamar, maimakon ta yi ta kuka ba a san ƙishirwa take ji ba, malamar da kanta ta kira ni tana murna. Kwali ne da almakashi da haƙuri. 'Yan ajin ma da aka yi musu bayani, su ne yanzu ke rage murya in sun ga ta fara toshe kunne.

Ba na ganin laifin malamai gaba ɗaya. Wanda aka tara wa yara aji maƙil, kuma ba a taɓa koya masa komai game da otizim a kwalejin horar da malamai ba, me ake so ya yi? Amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da lalurar. Ke nan makaranta mai ɗalibai 500 da ta ce ba ta da ko ɗaya, ko dai ba ta gane su ba, ko ta riga ta sallame su. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda akasarin ƙasashen duniya suka amince da ita, ya hana a ware yaro daga makarantar kowa da kowa saboda lalurarsa. Darasi a kan otizim ya kamata ya zama dole ga duk mai neman takardar shaidar malanta.

Kuma yaran ba iri ɗaya ba ne. Akwai irin su Temple Grandin da ta zama farfesa a Amurka, akwai wanda ba zai taɓa magana da baki ba, akwai wanda ke fama da farfaɗiya a kan lalurar. Iyayen irin waɗannan ba sa samun barcin kirki, sau da yawa uwa kan ajiye aikinta. Abin da suke buƙata shi ne a gano lalurar da wuri, tunda ana iya ganin alamunta tun yaro na shekara biyu, a samar da masu koyar da magana, a kuma horar da iyayen kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin koya wa iyaye dabarun wasa da sadarwa da irin waɗannan yara, wanda ba sai ƙwararren likita ne zai koyar ba.

Roƙona gare ka, Edita, kada a tuna da mu sai ranar 2 ga Afrilu kawai, ranar otizim ta duniya. Ka tura wakilanka su tambayi makarantu yara nawa suka mayar gida da wannan dalili, su kuma nemi manya masu otizim su ji daga bakinsu yadda makaranta ta kasance musu.

Naka,
Mahaifin wata yarinya mai otizim