Na ajiye bulala, aji yana neman ya fi ƙarfina

Zuwa ga Malam mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da mu a wannan fili. Ni malama ce a wata makarantar firamare ta gwamnati a cikin birnin Kano, shekarata shida da fara koyarwa bayan na kammala karatun malanta na NCE, kuma a bana aji huɗu aka ba ni in riƙe. Dalilin rubuto maka shi ne, tun zangon farko na ajiye bulala, amma har yau ban sami abin da zai tsaya a madadinta ba.

Yara 94 ne a rajistata, alhali a kwaleji an koya mana cewa manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Yawansu ba ya ɓata mini rai, domin tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, aka kuma yi dokar 2004 da ta wajabta karatun shekara tara kyauta, abin da ake ta kira a kai ke nan, wato iyaye su kawo 'ya'yansu makaranta. Sai dai bencinan da muke da su ba su ɗaukar rabin yaran, sauran a ƙasa suke zama har bakin allo, ta yadda ba ni da hanyar da zan ratsa in isa bayan aji sai na tsallaka ƙafafu.

Abin da ya raba ni da duka kuwa, wani yaro ne da ke zama a can ƙarshe, wanda kullum shi ne kan gaba wajen tsokana da jifa da takarda. Ranar nan na tarar bai kwafi komai daga allo ba, raina ya ɓaci, na zuba masa bulala biyar a tafin hannu. Sai da ya yi mako biyu bai zo ba. Da na bi sawunsa gida, mahaifiyarsa ta fito mini da littattafansa, sai na ga ashe zana haruffa kawai yake yi, ko sunansa ba ya iya karantawa. Malam, na yi kunya ƙwarai a ranar. Da na dawo na gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, na tarar kusan talatin daga cikinsu ba su iya karanta jimla guda ta Hausa, ga shi kuma a aji huɗu da Turanci muke koyarwa. Yawancin masu tayar mini da hayaniya a cikin waɗannan suke. A ganina yaron da ba ya gane abin da ake faɗa ba zai zauna shiru na tsawon darasi ba, ko da bulala nawa aka yi masa.

Na gwada dabaru iyakar sanina. Na sa monita ya riƙa rubuta sunayen masu surutu, sai ya mayar da abin hanyar karɓar alawa da ramuwar gayya. Tsallen kwaɗo da kamun kunne kuwa ban ga bambancinsu da duka ba. Abin da ya ɗan yi amfani shi ne da na raba su rukuni goma, kowane da shugabansa, muka tsara dokokin aji biyar tare muka rubuta a gefen allo, nake kuma sa a tafa wa rukunin da ya fi natsuwa. Da safe abin yana tafiya daidai, amma da zarar an dawo daga tara, rana ta take, wasu kuma ba su sa komai a cikinsu ba, sai komai ya wargaje, in yi ta ɗaga murya har ta dushe.

Abokan aikina, waɗanda wasunsu sun haife ni, suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ni ce nake sangarta yaran. Hedimasta ya kira ni sau biyu a kan cewa hayaniyar ajina tana damun maƙwabta. Akwai ma mahaifin da ya zo da dorina da hannunsa, ya ce in dai ba zan riƙa dukan ɗansa ba, to ban ɗauke shi ɗa ba. Ban raina maganarsu ba, domin na san tarbiyya suke nema, amma zuciyata ta ƙi komawa ga abin da na ga ya kori yaro daga makaranta.

Allah ya gafarta Malam, wane irin horo ne zai sa yaro ya san ya yi laifi ba tare da an taɓa lafiyarsa ko an tozarta shi a gaban 'yan'uwansa ba, wanda kuma mutum ɗaya zai iya aiwatarwa a aji mai yawa haka? Ta yaya zan ware wa marasa iya karatun nan lokaci ba tare da na bar manhaja a baya ba? Kuma da wane harshe zan yi wa iyaye bayani a taron iyaye da malamai da za mu yi kafin ƙarshen wannan zango, yadda ba za su ɗauka raina tarbiyyarsu nake yi ba?

Ina sauraron amsarka. Wassalam.

Taka mai sauraro,
Wata malamar firamare, Kano