Birtaniya ba Landan kaɗai ba ce

Edita,

Bayan gaisuwa, labaranku na Birtaniya ba sa wuce Landan da gasar Firimiya. Ranar 18 ga Nuwamba 2025 Scotland ta doke Denmark 4-2 a filin Hampden, ta samu gurbin Kofin Duniya, rabonta da shi tun 1998, amma ko layi ɗaya ban gani ba. Da ɗan wasan Scotland Kenny McLean ya zura ƙwallo ta ƙarshe daga tsakiyar fili, yarana suka ƙi kwanciya, washegari da ƙyar suka kama bas ɗin makaranta. Bas ɗin nan kyauta ce ga duk wanda bai kai shekara 22 ba, kuma a ganina irin wannan ne iyaye za su auna a zaɓen majalisar Scotland na Mayun 2026, fiye da batun ɓallewa daga Birtaniya da shugaban gwamnatin Scotland John Swinney ke nanatawa.

Mai karatunku,
daga Glasgow