Amsa Ga Ƙanwata Mai Tambayar Ko Koyon SQL Ya Zama Ɓata Lokaci

Assalamu alaikum ƙanwata,

A wajen bitar da aka shirya wa ɗaliban lissafin kasuwanci a nan Jos, kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni cewa, tunda yanzu mutum zai iya yi wa ƙirƙirarriyar basira tambaya da maganarsa ta yau da kullum ta ciro masa amsa daga rumbun bayanan kamfani, wane amfani ya rage wa mai zaman koyon SQL, wato harshen da ake rubuta wa rumbun bayanai umarni da shi? Lokaci ya ƙure a ranar, amsar da na ba ki kuma ko ni ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na rubuto ta a fili.

Burin a tambayi kwamfuta da harshe mai sauƙi ya girme ki. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin ajiye bayanai a jadawaloli masu alaƙa da juna, a 1974 kuma Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gabatar da harshen SEQUEL, wanda ya zama SQL, suka gina shi da kalmomin Ingilishi domin wanda ba gwanin kwamfuta ba ya iya amfani da shi. Abin da ya ƙaru tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 shi ne tafinta a tsakani. Ana ba wannan tafinta, wato na'urar ƙirƙirarriyar basira, sunayen jadawaloli da guraben da ke cikinsu, ke ki yi tambaya, ita ta mayar da tambayar umarnin SQL, rumbun kuma, ko PostgreSQL ne ko MySQL, shi ne yake yin ƙidayar. Idan tafinta ya juya magana, alƙali zai yanke hukunci da gaskiyarsa a kan abin da ba a faɗa ba.

Ga abin da ya same ni. Ina kula da bayanan wani kamfanin sarin kayan masarufi mai rassa a Jos da Bukuru. Wata rana maigida ya nemi sanin cinikin da aka yi a watan azumin 2024, na miƙa wa na'ura tambayar kamar yadda ya faɗe ta, kafin in kurɓi shayi ta kawo adadi mai kyan gani. Da na buɗe umarnin da ta rubuta, sai na tarar ta ɗauki watan Maris ɗungurungum, alhali azumin a Nijeriya ya fara ne ranar 11 ga Maris ya ƙare 9 ga Afrilu. Ta kuma haɗa da kayan da aka ɗauka bashi, da waɗanda aka dawo mana da su, domin duka suna cikin jadawali ɗaya. A wurin maigida kuwa, ciniki shi ne kuɗin da ya shigo hannu. Mafi muni, wajen haɗa jadawalin rasit da na kaya, duk rasit mai kaya uku sai da ta ƙirga kuɗinsa sau uku. Babu wata alamar kuskure da ta bayyana a allo, kuma da ban iya karanta waɗannan layuka ba, da na kai wa mutumin adadin da zai sa ya yi sarin da ya fi ƙarfinsa kafin azumi mai zuwa.

Ba na ganin laifin na'urar sosai, domin babu wanda ya taɓa gaya mata cewa Muhammad da Mohammed da Muhd dillali ɗaya ne da magatakarda uku suka rubuta, ko cewa wani reshe yana shigar da shinkafa da buhu wani da kwano. Wannan sani yana kan mutanen da suka daɗe a shago, kuma sai an zauna an rubuta shi, kalma da ma'anarta, an ba ta tare da tambayar, sannan amsoshinta suke daidaituwa. Na kuma lura ta fi kama hanya idan na yi mata Ingilishi a kan Hausa, musamman da yake sunayen guraben da kansu gajerun kalmomin Ingilishi ne.

Saboda haka ra'ayina shi ne, haddar ƙa'idoji ta rage daraja ƙwarai, kuma ba na baƙin cikin hakan, amma iya karatu ya zama dole. Ki koyi gane inda umarni yake tace layuka, da inda yake haɗa jadawali da jadawali, da inda yake tara jimla. Wannan aikin 'yan makonni ne ga mai himma. Ki fara gwada na'urar da tambayar da kin riga kin san amsarta, kamar cinikin rana ɗaya da kika lissafa da hannu daga littafin rasit, idan ta dace sannan ki matsa gaba.

Abu biyu kuma kada ki yi wasa da su idan kin kama aiki. Ki nemi a haɗa na'urar da rumbun ta hanyar izinin karantawa kawai, domin umarnin DELETE guda ɗaya da ba a gindaya masa sharaɗi ba yana share jadawali kaf. Sannan sunayen abokan ciniki da lambobin wayarsu amana ne, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani nauyinsu, don haka kada ki kwashe su ki liƙa wa wata manhaja ta intanet ba tare da izinin shugabanninki ba.

Idan za ki zo bita ta gaba, ki taho da tambayoyi biyar irin waɗanda ɗan kasuwar Farin Gada zai yi a kan tumatir da bashinsa, ni kuma zan kawo rumbun gwaji da babu sunan kowa a ciki, mu karanta abin da na'urar za ta rubuta layi bayan layi.

Wassalam,
Yayanki a Jos.