A mayar da lesin ɗin yamma lokacin koyon karatu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarku in yi magana kan lesin ɗin da ake wa yaranmu bayan an tashi makaranta, don gaskiya abin yana ci min tuwo a ƙwarya.

Yanzu kusan duk makarantar kuɗi sai ta ce yaro ya tsaya lesin, iyaye su biya kuɗinsa daban, amma in ka leƙa ajin malamin nan dai na safe za ka tarar ya cika allo da rubutu, yara na kwafa suna hamma ga yunwa ga zafin rana. Ka ɗauko littafin ɗan aji huɗu cike yake taf da rubutu mai kyau, ka ce masa karanta min abin da ka rubuta, sai ya ɗora yatsa a kan kalmar farko ya yi tsuru-tsuru. To me aka biya wa kuɗin kenan?

Kuma fa ba wai ba a san maganin ba ne. A Indiya ƙungiyar Pratham ta fito da tsarin da ake kira TaRL, wato a koyar da yaro daidai inda iyawarsa ta tsaya, masu bincike irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, sun gwada shi a makarantu sun ga yana aiki. Ba wani abu ne mai wuya ba. Malami zai zauna da yara ɗaya bayan ɗaya ya gwada su, wannan ko harafi bai sani ba, wancan ya san haruffa amma bai iya haɗa baƙi da wasali ba, wani yana karanta kalma, wani har gajeren labari. Sai a raba su rukuni-rukuni bisa haka ba bisa aji ko shekaru ba, a zauna a tabarma da katunan haruffa, kullum kamar awa ɗaya, wanda ya iya a matsar da shi gaba.

Mu ma nan an taɓa. A Kano an fara shirin KaLMA a 2019 a Wudil da Dawakin Tofa, Bauchi da Sakkwato sun yi Mu Karanta, Katsina da Zamfara sun yi RANA, kuma dukkansu sun ba karatu da Hausa muhimmanci, wanda ni a ganina nan ne sirrin, don yaron da ya iya karanta harshen da yake ji a gida Turanci ba zai ba shi wahala sosai ba. Matsalar dai kuɗin waje ne ke ɗaukar irin waɗannan shirye-shirye, ranar da suka naɗe tabarma sai ka ji tsit.

Roƙona ga hukumomin ilimin matakin farko na jihohi, wato SUBEB, da masu makarantun kuɗi, awa ɗayan nan ta lesin a mayar da ita ta wannan tsarin, a tashi yara da wuri su ci abinci su samu Islamiyya, don ba za mu yarda a ci lokacinta ba. Ga matasa masu NCE nan zaune ba aiki, a horar da su a ba su ɗan alawus. Sannan a rifot kad ɗin ƙarshen zango a rubuta mana ƙarara, yaron nan yana matakin harafi ne, ko kalma, ko labari.

Na gode.

Wani uba daga Kano